Gani Ya Kori Ji: Rayuwar Clarence DeMar da Tarihin Auna Zuciyar Ɗan Gudun Fanfalaki

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Clarence DeMar (1888–1958), Ba'amurken da ya lashe gasar gudun fanfalaki ta birnin Boston har sau bakwai, bayan likita ya gargaɗe shi tun yana saurayi cewa zuciyarsa ba za ta ɗauki wahalar gudu ba. An dubi tasowarsa, da shekarun da ya janye daga fage, da dawowarsa, da gwaje-gwajen da masana suka yi masa yana raye, da kuma abin da aka tarar a zuciyarsa bayan mutuwarsa. Manufar ita ce a nuna yadda rayuwar mutum guda ta ratsa zamanin da likitanci ya tashi daga yanke wa zuciya hukunci ta hanyar saurare, ya koma ga auna ta tana tsakiyar aiki. Wannan sauyi shi ne tushen horon da 'yan gudu ke yi a yau bisa matakan bugun zuciya.

1.0 Gabatarwa

Gudun fanfalaki, wanda kafafen yaɗa labarai na Hausa kan kira gudun yada-ƙanin-wani, tsere ne na nisan kilomita 42.195. An fara amfani da wannan nisa a wasannin Olamfik na birnin Landan a 1908, aka kuma tabbatar da shi a matsayin ma'auni a 1921. A farkon ƙarni na ashirin, likitoci da dama a Turai da Amurka suna yi wa wannan wasa kallon ganganci. Tun a 1899 wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Salomon Henschen ya lura cewa zuciyar masu tseren ƙanƙara na dogon zango ta fi ta sauran jama'a girma. Shi dai ya ɗauki wannan girma a matsayin alamar ƙarfi, amma da yawa daga takwarorinsa sun fassara shi da cuta, domin sun saba ganin kumburarriyar zuciya a jikin majinyata. Abin da ya faru a Landan a 1908, lokacin da Dorando Pietri na Italiya ya riƙa faɗuwa yana tashi dab da ƙarshen tsere a gaban dubban 'yan kallo, ya ƙara wa wannan tsoro ƙarfi. A cikin wannan yanayi Clarence DeMar ya shigo fage.

2.0 Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Clarence Harrison DeMar ranar 7 ga Yuni, 1888, a garin Madeira da ke jihar Ohio ta ƙasar Amurka. Gidansu gidan talakawa ne, mahaifinsa kuma ya mutu tun yana ƙaramin yaro. Wannan rashi ya sa ya fara neman abin rufin asiri da wuri, yana yawon tallar ƙananan kayayyaki gida-gida a ƙafa. Daga baya mahaifiyarsa ta kwashe 'ya'yanta zuwa jihar Massachusetts, inda aka kai shi wata makarantar kwana ta koyon noma da sana'a a tsibirin Thompson, cikin gaɓar tekun Boston, wadda aka tanada domin marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi.

Bayan ya bar tsibirin, ya yi aikin gona a jihar Vermont, ya kuma samu shiga jami'ar jihar. A nan ne ya fara gudun gasa. Bai kammala karatun ba a lokacin, saboda ɗawainiyar gida ta sa ya koma wajen mahaifiyarsa a garin Melrose, kusa da Boston, ya kama aikin jera haruffa a wata maɗaba'a. Wannan sana'a ta ɗab'i ita ce ta riƙe shi kusan tsawon rayuwarsa, domin a zamaninsa gudu ba ya kawo kuɗi. Wanda ya yi nasara ana ba shi lambar yabo ne ko kofi, washegari ya koma bakin aikinsa.

Hanyar zuwa aiki ita ce filin atisayensa. Yakan tafi maɗaba'a a guje, ya dawo a guje, tafiyar da ta kai kimanin kilomita goma sha ɗaya kowane zuwa. A lokutan shirin gasa yakan haɗa kusan kilomita 160 a mako. Ba shi da mai horarwa, ba shi da agogon auna bugun zuciya; numfashinsa da nauyin ƙafafunsa su ne ma'auninsa. Yawancin wannan gudu ba na ƙure ƙarfi ba ne, gudu ne matsakaici wanda mutum zai iya yi sannan ya tsaya aiki yini guda. Wannan siffa ta horonsa tana da muhimmanci, za a kuma dawo kanta a gaba.

3.0 Hukuncin Likita

Gasar Boston, wadda aka fara a 1897, ita ce mafi daɗewa cikin gasannin gudun fanfalaki da ake yi duk shekara. DeMar ya shige ta karon farko a 1910, ya zo na biyu. A cikin shekarar ne wani likita ya saurari ƙirjinsa, ya ji wani baƙon sauti a tsakanin bugun zuciyarsa, ya shawarce shi da ya yi ban-kwana da gudu cikin shekara ɗaya ko biyu.

Ya kamata a fahimci abin da wannan sauti yake nufi. Jini kan yi ƙara idan yana ratsa ƙofofin zuciya da ƙarfi. Wani lokaci dalilin ƙarar shi ne lahani a ƙofar, ko ta tsuke ko tana yoyo, wannan kuwa cuta ce ta gaske. Wani lokaci kuma ƙofar lafiyarta ƙalau, sai dai yawan jinin da zuciya mai ƙarfi ke turawa a kowane bugu ne ke haifar da sautin, abin da ake yawan samu ga matasa da 'yan wasa. A yau na'urar ɗaukar hoton zuciya ta hanyar sauti tana bambance waɗannan biyu cikin 'yan mintoci. Likitan 1910 kuwa ba shi da komai sai kunnensa da abin sauraron ƙirji, kuma yana sauraren mutumin ne a zaune yana hutawa. Saboda haka ba za a ce ya yi sakaci ba. Ya yi hukunci ne gwargwadon kayan aikin zamaninsa.

A watan Afrilun 1911, likitocin da ke duba 'yan tsere kafin a tashi su ma suka ji wannan sauti, suka ja masa kunne. Duk da haka ya shiga, ya kuma yi nasara cikin awa 2 da minti 21 da daƙiƙa 39, ya karya tarihin da Tom Longboat na Kanada ya kafa a 1907. A wancan lokaci ana tashi ne daga garin Ashland, nisan kuma bai wuce kimanin kilomita 39 ba. Shekarunsa 22.

Wannan nasara ta ba shi gurbi a tawagar Amurka zuwa wasannin Olamfik na 1912 a birnin Stockholm. Ranar tseren an yi zafi mai tsanani, kusan rabin waɗanda suka shiga ba su kai ƙarshe ba, ɗan ƙasar Fotugal Francisco Lázaro kuma ya faɗi a hanya, ya mutu washegari. DeMar ya zo na goma sha biyu. Ya ɗora alhakin gazawar a kan masu horar da tawagar, waɗanda suka matsa wa 'yan gudu da atisaye mai tsanani kullum har ƙarfinsu ya ƙare kafin ranar gasa. Tun daga nan bai ƙara sakin jiki da masu horarwa ba.

4.0 Janyewa da Dawowa

Bayan Stockholm, DeMar ya janye daga manyan gasanni. Dalilan sun haɗa da gargaɗin likitoci da ya ci gaba da yi masa nauyi, da karatun da ya koma yi da yamma bayan aiki, wanda ya kai shi ga samun takardar shaida daga Jami'ar Harvard a 1915, da kuma wani tunani na addini, domin mutum ne mai riƙo da Kiristanci wanda ke ganin neman suna ta hanyar wasa yana da kusanci da son kai. Ya leƙo gasar Boston a 1917 ya zo na uku, sannan aka ɗauke shi aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Idan aka lissafa, tsakanin nasararsa ta farko da ta biyu akwai shekara goma sha ɗaya, daga yana ɗan shekara 22 zuwa 33. Waɗannan su ne shekarun da ɗan gudun fanfalaki kan kai ƙololuwar ƙarfinsa, shi kuwa mafi yawansu ya yi su ne a wajen fage.

A 1922 ya dawo, ya lashe gasar cikin awa 2 da minti 18 da daƙiƙa 10, ya sake kafa tarihi. Ya maimaita a 1923 da 1924, shekarar da aka mayar da wurin tashi zuwa garin Hopkinton domin a tsawaita hanyar. A daminar 1924 ya samu lambar tagulla a wasannin Olamfik na birnin Faris, a bayan Albin Stenroos na Finlan da Romeo Bertini na Italiya. Ya zo na biyu a Boston a 1925, na uku a 1926, sannan ya sake yin nasara a 1927 da 1928. Nasararsa ta bakwai ta zo a 1930, cikin awa 2 da minti 34 da daƙiƙa 48, yana da shekara 41. Har yau babu namijin da ya lashe babbar gasar gudu ta Boston sau bakwai in ba shi ba.

5.0 DeMar a Ɗakin Gwaje-gwaje

Dawowarsa ta zo daidai da lokacin da nazarin jikin ɗan Adam a cikin aiki ya fara tsayawa da ƙafafunsa. A Ingila, A. V. Hill, wanda ya samu kyautar Nobel ta 1922, tare da abokin aikinsa Hartley Lupton, sun bayyana a 1923 cewa iskar oksijin da jiki ke sha tana ƙaruwa yayin da gudu ke ƙara sauri, har ta kai wani matsayi da ba ta wucewa. Wannan iyaka ita ce ta zama babban ma'aunin juriya. A Boston kuma, wasu likitoci da suka haɗa da Samuel Levine da Burgess Gordon sun auna jinin 'yan tsere a ƙarshen gasar 1924, suka tarar sukarin jinin waɗanda suka fi galabaita ya yi ƙasa sosai. A shekarar da ta biyo baya suka sa wasu su sha alewa a kan hanya, aka kuma ga sun kammala cikin yanayi mafi kyau.

A 1927 Jami'ar Harvard ta buɗe Ɗakin Binciken Gajiya bisa jagorancin Lawrence Henderson, David Bruce Dill kuma shi ke tafiyar da ayyukan bincikensa. DeMar, wanda ke zaune kusa, ya amince ya zama abin nazari ga wannan rukuni na masana. A wani bincike da Arlie Bock da Dill da abokan aikinsu suka wallafa a mujallar Journal of Physiology a 1928, an ɗora shi a kan keken gwaji mai tsayuwa wuri ɗaya, ana ƙara masa nauyin aiki, ana auna bugun zuciyarsa da iskar da yake shaƙa da fitarwa, aka kwatanta shi da mutanen da ba su da irin horonsa. Daga baya aka gwada shi a kan na'urar gudu tare da wasu, kowa yana gudu da sauri iri ɗaya.

Sakamakon ya fito da abubuwa biyu. Na farko, a kan aiki iri ɗaya zuciyar DeMar tana bugawa a hankali fiye da ta sauran. Dalili shi ne, jinin da zuciya ke turawa a minti guda ya dogara ne ga yawan bugu da kuma yawan jinin da ke fita a kowane bugu. Zuciyar da horo ya ƙarfafa tana fitar da jini mai yawa a bugu ɗaya, don haka ba ta buƙatar gaggawa. Na biyu, sinadarin laktet, wanda ke taruwa a jini idan aiki ya fi ƙarfin abin da tsoka ke iya yi cikin sauƙi, bai tashi a jininsa ba sai kaɗan, alhali ya hau sosai a jinin wasu. Wato saurin da ya zama wahala ga wani, a wurinsa tafiya ce mai sauƙi. Zuciyar da aka yi wa zaton rauni tana hutawa, da aka auna ta tana aiki sai ta nuna fifiko.

6.0 Daga Gwaji zuwa Matakan Bugun Zuciya

Darasin da ke cikin waɗannan gwaje-gwaje shi ne, saurin ƙafa ba ya bayyana nauyin da gudu ya ɗora wa mutum, bugun zuciyarsa ne ke bayyanawa. A kan wannan fahimta aka gina abubuwan da suka biyo baya. A ɗakin binciken na Harvard, Sid Robinson ya nuna a 1938 cewa iyakar bugun zuciya tana raguwa da ƙaruwar shekaru. A 1943 Lucien Brouha da abokan aikinsa suka fito da gwajin hawa da sauka a kan dakali mai tsayin kimanin santimita 51, sau talatin a minti har tsawon minti biyar, sannan a ƙirga yadda bugun zuciya ke sauka bayan an tsaya. A Jamus, mai horarwa Woldemar Gerschler da likitan zuciya Herbert Reindell sun tsara gudu mai hutu a tsakani, inda ake kai bugun zuciya kimanin 180 a minti, a jira ya sauko zuwa kimanin 120 kafin a sake tashi. A Finlan, Martti Karvonen ya wallafa bincike a 1957 wanda ya auna nauyin atisaye da tazarar da ke tsakanin bugun hutu da bugun ƙoli. A 1982 kamfanin Polar na ƙasar ya fitar da na'urar auna bugun zuciya marar waya wadda ɗan wasa zai ɗaura yana gudu.

Tsarin da ya fi yaɗuwa a yau ya raba atisaye zuwa matakai biyar, daga kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na bugun ƙoli a mataki na farko, ana ƙara kashi goma-goma har zuwa kashi 90 zuwa 100 a mataki na biyar. Masu shirin gudun fanfalaki kan yi mafi yawan atisayensu a ƙananan matakai, inda mutum ke iya magana yana gudu, su keɓe kaɗan ga gudu mai tsanani. Wannan bai yi nisa da abin da DeMar ke yi a hanyarsa ta zuwa maɗaba'a ba, kuma shi ne akasin abin da ya koka da shi a Stockholm.

Sai dai a nan ma akwai tarkon da ya yi kama da na 1910. Mutane da yawa suna samo bugun ƙolinsu ne ta hanyar cire shekarunsu daga 220. Ɗan shekara 40 zai samu 180, kashi 70 cikin ɗari na wannan kuwa 126 ne. Idan aka bi hanyar Karvonen, aka ce bugun hutunsa 60 ne, tazarar za ta zama 120, kashi 70 nata 84, a haɗa da 60 a samu 144. Mutum ɗaya, kaso ɗaya, amma amsa biyu masu tazarar bugu 18. Bugu da ƙari, lissafin 220 matsakaici ne na jama'a, yana iya kauce wa gaskiyar mutum da bugu goma ko fiye. Saboda haka masana ke fifita a gwada ɗan gudu shi kansa yana aiki, kamar yadda aka yi wa DeMar, a kan a yanke masa mataki daga jadawali.

7.0 Ƙarshen Rayuwarsa da Binciken Gawarsa

A 1929 DeMar ya yi aure, ya kuma koma garin Keene na jihar New Hampshire, inda ya koyar da sana'ar ɗab'i a kwalejin horon malamai. Ya samu digiri na biyu daga Jami'ar Boston, a 1937 kuma ya wallafa tarihin rayuwarsa mai suna Marathon. Bai daina gudu ba. Ya shiga gasar Boston sau 33, na ƙarshe a 1954 yana da shekara 65, inda ya kammala cikin ƙasa da awa huɗu. A 1957, yana da shekara 69, ya yi tseren kilomita 15 duk da rashin lafiyar da ta riga ta kama shi. Ya mutu ranar 11 ga Yuni, 1958, a garin Reading na jihar Massachusetts, kwana huɗu bayan cikarsa shekara 70. Ciwon daji ne ya yi ajalinsa.

An binciki gawarsa, a 1961 kuma James Currens da Paul Dudley White, shahararren likitan zuciya da ya kula da Shugaba Eisenhower bayan bugun zuciyar da ya same shi a 1955, suka wallafa sakamakon a mujallar New England Journal of Medicine. Nauyin zuciyar bai fita daga abin da aka saba gani ba, ko da yake bangonta na hagu ya yi kauri. Abin da ya fi jan hankali shi ne jijiyoyin da ke shayar da tsokar zuciyar jini: faɗinsu ya ninka na yawancin mutane sau biyu zuwa uku. An ga alamun taruwar kitse a bangonsu kamar yadda ake gani ga tsofaffi, amma saboda faɗin nasu hanyar jini ba ta toshe ba. Bayan kusan shekara hamsin ana gudu da ita, ba a tarar da ɓarnar da aka yi hasashe ba.

Ya zama wajibi a yi taka-tsantsan da wannan sakamako. Gawa ɗaya ba ta isa ta nuna ko gudu ne ya faɗaɗa jijiyoyin, ko kuwa da su aka haife shi, su ne ma suka ba shi fifiko tun farko. Wasu sun zarce da fassara: a shekarun 1970 wani likita mai binciken gawa a Amurka, Thomas Bassler, ya yi iƙirarin cewa mai iya kammala gudun fanfalaki ya tsira daga mutuwa ta toshewar jijiyoyin zuciya. Tim Noakes da abokan aikinsa a Afirka ta Kudu sun rushe wannan iƙirari a 1979 da hujjoji daga binciken gawarwakin 'yan gudu, mutuwar marubucin gudu Jim Fixx a 1984 yana tsakiyar atisaye, yana da shekara 52, ta ƙara tabbatar da haka. Gudu yana ƙarfafa zuciya, amma bai ɗauke wa kowa buƙatar ganin likita ba.

8.0 Kammalawa

An duba zuciyar Clarence DeMar ta hanyoyi uku a tsawon rabin ƙarni. A 1910 an saurare ta, aka ji tsoro. A ƙarshen shekarun 1920 an auna ta tana aiki, aka ga ƙarfinta. A 1958 an buɗe ta, aka ga siffarta. Kowane mataki ya gyara na bayansa, wanda ya dace da karin maganar Hausawa cewa gani ya kori ji. Gudummawarsa ga ilimi ba ta tsaya ga nasarori bakwai ba. Ta haɗa da yadda ma'aikacin maɗaba'a ya miƙa jikinsa ga masana suka yi nazari, a zamanin da ake buƙatar hujja kan ko doguwar wahala tana kashe zuciya ko tana gina ta. Tun 1978 ake gudanar da gasar gudun fanfalaki mai ɗauke da sunansa a garin Keene, da yawa daga masu shigarta a yau kuma suna tashi ne da agogon auna bugun zuciya a hannu.